Yadda Ake Shirya Gado Tun da Rai, da Yadda Ake Raba Shi Bayan Rasuwa

Lokacin da baffana ya rasu, ba mu yi sati biyu ba aka fara sallama a ƙofar gida. Na farko wani dattijo ne daga ƙauyenmu, ya ce shanu huɗu na marigayi suna wurinsa kiwo, biyu ma sun haihu. Duk gidan babu wanda ya san da su, har uwargida. Da ya yi shiru, da sun zama nasa. Na biyu ya zo da 'yar takarda da ta sha ninki har ta kusa rabewa, ya ce yana bin baffa kuɗin buhunan gero, ba shaida, ba sa hannu. Sai kuma 'yar baffan ta ce filin bayan makaranta ai Baba ya ba ta tun tana amarya. Gaskiya ta faɗa, don ni ma na taɓa jin ya ambata. Amma takardar filin tana cikin akwatinsa da sunansa, kuma shi ya ci gaba da noma wurin har daminar da ya kwanta. Rabon da bai kamata ya wuce wata biyu ba ya ci mana shekara uku, kuma har yau akwai ɗakuna biyu a zuriyar da gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki.

Abin da na koya a wannan wahala shi ne, kason kowane magaji ba ya cikin abin da ke kawo rigima. Allah Ya riga Ya yanke shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Rigima tana tasowa ne wajen sanin mene ne na mamaci, mene ne ba nasa ba, wa yake bi, wa ke binsa. Wannan kuwa aikin mai dukiya ne tun yana da rai, ko dukiyar gida goma ce ko keken ɗinki ɗaya. Bayanin da ke tafe ya shafi Musulmi a arewacin Najeriya, inda kotuna ke bin mazhabar Malikiyya.

Fara da littafi

Sayi littafi mai kauri, ka rubuta duk abin da ka mallaka. Gida da fili, inda suke, iyakokinsu, daga hannun wa ka saya, su wa suka shaida, ina takardun suke. Gona, ko ta gado ce da ba ku raba da 'yan'uwanka ba, ko saye ka yi, ko jingina ce a hannunka. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don sau da yawa 'ya'ya kan tashi su ga mahaifinsu na noma gona shekara ashirin, su ɗauka tasa ce, alhali ta wani ce da ya karɓi kuɗi ya jinginar. Dabbobin da ka bayar kiwo, hatsin da ka ajiye a rumbun wani, jarin da ka ba yaro yana juyawa, adashin da kake zubi, hannun jarin kamfani, duk su shiga. Ka rubuta bankunan da kake da asusu, har da irin su OPay da Moniepoint da ke cikin waya, waɗanda iyali ba sa ganin ko takarda ɗaya a kansu. Ba sai ka rubuta lambar sirri ba. Sunan bankin da lambar asusun sun isa.

Sai ka juya littafin ta baya ka rubuta bashi. Wanda kake bi da wanda ake binka, da amanar mutane da ke hannunka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu kunya ta hana mu. Bashin da aka fi mantawa shi ne na cikin gida: ragowar sadakin da ba ka cika ba, kuɗin da matarka ta sayar da sarƙarta ta ba ka ka ƙara jari, kuɗin gadon ƙanwarka da ta ce ka riƙe mata. Ka rubuta su kana lafiya, ka sa mutum biyu adalai su shaida. Dalili kuwa, a Malikiyya idan mutum ya jira sai yana ciwon ajali sannan ya ce wani magajinsa na binsa bashi, ana iya tuhumar maganar da son kai a ƙi karɓarta.

Mata ma haka. Kayan ɗaki, gwala-gwalai, tumaki, filin da kika saya da kuɗin sana'a, dukiyarki ce, kuma ranar da kika rasu mijinki da 'ya'yanki da iyayenki kowa na da kaso sananne. Al'adar da dangin mace ke zuwa su kwashe ɗaki kaf ranar bakwai ba rabon gado ba ce.

Littafin nan kada ya zama sirrin da babu wanda ya san da shi. Mutum biyu da ka amince da su su san inda yake, kuma ka riƙa duba shi duk shekara, misali lokacin da kake lissafin zakka.

Idan za ka yi kyauta, ka cika ta

A nan 'yar baffana ta rasa filinta. Kyauta a Malikiyya ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana raye yana lafiya. Idan ka ce "na ba ki gidan nan" amma ka ci gaba da karɓar kuɗin haya kana sawa aljihu har ka mutu, gidan ya koma gado. Saboda haka in ka bayar, ka kira shaidu, a rubuta, ka miƙa makulli da takardu, ka gaya wa 'yan haya ga sabon mai gida. In fili ne mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati, a je a sauya suna. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma sauya mallakar irin wannan fili yana buƙatar amincewarsa, ta hannun ofishin filaye kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. A Abuja, inda babu gwamna, amincewar ministan birnin ake nema, ta hannun AGIS.

Yaro ƙarami mahaifinsa na iya riƙe masa abin da ya ba shi, muddin ya kafa shaidu. Amma idan gidan da uban yake zaune a ciki ne, sai ya tashi daga cikinsa kafin kyautar ta tabbata. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka.

Ina roƙon iyaye su ji tsoron Allah a wannan gaɓar. Sahabi Bashir ya ba ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba haka, da ya ce a'a sai ya ƙi shaidawa, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'ya. Mai amfani da kyauta don ya tsere wa rabon Allah, ya tara wa ɗakin amarya ya bar ɗakin uwargida, gaba yake shuka wa 'ya'yansa, kuma su za su girbe ta bayan ba ya nan.

Wasiyya

Ƙa'idodinta biyu ne manya. Ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan an biya bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya. In an yi, ko aka wuce sulusi, sai sauran magada sun yarda.

To wa za ka yi wa? Duba waɗanda ke cin abinci a gidanka amma ba su da kaso. Agola da ka raina tun yana goye. Ɗan riƙo. Tsohon yaron shago da ya ƙare ƙuruciyarsa a hidimarka. Sama da duka, jikokin da mahaifinsu ya riga ka rasuwa. Matuƙar kana da ɗa namiji a raye, ya tare su, ba za su sami ko sisi ba. Masar ta mai da irin wannan wasiyya tilas a dokarta tun 1946, amma a nan sai kakan ya yi da kansa. Na ga marayu sun tashi a gidan kakansu, ranar rabo aka ce su kwashe kayansu. Layi biyu a takarda da sun hana hakan. Cikin sulusin nan ne kuma za ka iya yin wakafi, ko rijiya ko ajin Islamiyya.

A rubuta wasiyya a fili, da kwanan wata, kuma lallai a kafa shaidu biyu. Malaman Malikiyya sun ce ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai sa an shaida ba, ba a zartarwa, don yana yiwuwa ya rubuta ne ya fasa. A cikinta ka ambaci wasiyyi, mutumin da zai kula da ƙananan 'ya'yanka da dukiyarsu, kuma ka nemi yardarsa tun yanzu. Idan lauya zai rubuta maka, ka gaya masa ƙarara cewa wasiyyar Musulunci kake so. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837 duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Wasu jihohi sun gyara dokokinsu daga baya, amma bai kamata ka bar wa iyalinka ƙofar jayayya ba.

Kwanakin farko bayan rasuwa

Da zarar rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mamaci. Babban ɗa ba shi da ikon ɗaukar mota, amarya ba ta da ikon ɓoye takardu, ƙanin mamaci ba shi da ikon buɗe shago ya ci gaba da ciniki shi kaɗai. A samu dattawa biyu ko uku, da wakili daga kowane ɗaki, a rufe shago da ɗakin maigida, a ƙirga abin da ke ciki a rubuta, kowa ya sa hannu. Wayarsa da layinsa a adana su, a riƙa sa wa layin kati, don kamfani na iya ba wani layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, alhali saƙonnin banki ta nan suke shigowa. Kada kuma wanda ya san lambar katin cirar kuɗi ya je ya kwashe da sunan "kafin banki ya rufe". Ko niyyarsa kyakkyawa ce, daga nan zargi ke farawa.

Daga dukiyar, abin da ake fara cirewa shi ne kuɗin likkafani da haƙa kabari, gwargwadon bukata. Sai bashi. Sai wasiyya. Abin da ya saura shi ne gado. Shinkafa da lemon zaman makoki da sadakar arba'in ba sa cikin wannan jeri. Baligin da ya ga zai iya, ya yi daga aljihunsa. In akwai marayu a cikin magada, ciyar da baƙi da dukiyar cin haƙƙinsu ne, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi mai tsanani a kai.

Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci bashi ya zo, a ɗauke ta da gaske. A sa wa'adi, a naɗa mutum ɗaya da za a riƙa samu. Wanda ya zo da hujja a biya shi. Wanda ya zo ba hujja, kada a kore shi kuma kada a biya shi a tsaye, a bar wa alƙali.

Abu biyu game da matan mamaci. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu, kuma ba a fitar da mace daga gidan mijinta a cikin wannan lokaci don ana son sayarwa. Sannan in akwai mai ciki, Malikiyya ta ce a dakatar da rabo har ta sauka, don a san ko namiji ne ko mace, ko ma tagwaye. Matar da aka yi wa sakin kome aka rasu tana cikin idda tana da gadonta, haka wadda miji ya saka yana ciwon ajali.

Banki, fansho da takardun hukuma

Nan ne mutane suka fi shan wahala. Fara da takardar asibiti in a can ya rasu, sannan takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yi kwafi da yawa, don kowane ofishi sai ya nema.

Akwai kuskuren da ya yaɗu sosai game da gurbin da fom ɗin banki ke kira next of kin. Wanda aka rubuta a nan mutum ne da za a tuntuɓa, sunansa a fom bai mai da shi mai kuɗin ba. In kuɗi suka biyo ta hannunsa, amana ce ta dukkan magada. Banki kuma ba ya sakin kuɗin mamaci don wani ya zo da katin shaida yana kuka. Yakan nemi takardar kotu, galibi wadda ake kira Letter of Administration, wato izinin kula da dukiyar mamaci, da ake samu a sashen gado na Babbar Kotun jiha. Ana cika fom, a kai wa bankunan takarda su rubuta abin da ke cikin asusun, a kawo masu tsayawa, a biya kuɗin da ake lissafawa bisa yawan dukiyar, a buga sanarwa a jira ko wani zai yi ƙorafi. Yawanci mutum biyu ake naɗawa, kuma shawarata a ɗauko su daga ɗakuna daban-daban. Wani bankin yana aiki da umarnin kotun shari'a da ke rabon, ya tura kuɗin asusun kotu. Saboda haka kafin ka kashe ko kwabo, je reshen bankin ka ce a rubuta maka abin da suke bukata.

Idan mamacin ma'aikaci ne a tsarin fansho na karo-karo, akwai haƙƙi biyu. Na farko kuɗin da ke asusunsa na ritaya a kamfanin fansho. Na biyu inshorar rai, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci, aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Iyalai da yawa ba su san da na biyun ba, sai su karɓi na farko su tafi. A tambaya a wurin aikinsa, in an yi ta ja a kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Yadda za a raba irin waɗannan kuɗi kuwa, a kai wa alƙali tare da takardun da suka zo da su.

In yana da kamfani mai rajista, hannun jarinsa a kamfanin ake gada. Motoci da injinan da ke da sunan kamfanin ba a kwasarsu kai tsaye, musamman in yana da abokan tarayya.

Ranar rabo

Ana iya rabo a gida a gaban malami masanin fara'ili, wato ilimin rabon gado, in dukiyar kaɗan ce kuma kowa baligi ne mai yarda. Amma in akwai gidaje, ko marayu, ko ɗaki fiye da ɗaya, ni dai kotu nake ba da shawara, ko da ana zaman lafiya. Wasu na ganin kai gado kotu tonon asiri ne. Takardar rabo mai hatimin alƙali ita ce za ta kare jikoki shekara talatin nan gaba, lokacin da duk shaidun yau sun kwanta dama. Kotun shari'a ko kotun yanki ce ke rabon, ana biyan kuɗin da aka saba kira ushira, a karɓi rasit. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin gado da wasiyya da kyauta da wakafi.

Alƙali zai fara da tabbatar da magada ta bakin shaidu. Kada a ɓoye kowa, ko ɗan da aka haifa a wani gari da matar da aka rabu da ita tuntuni. Sai a yi wa kadarori ƙima. A nan a buɗe ido, don a wajen ƙima ake cutar mata da yara: a karya kuɗin gidan bakin titi a ba babban wa, a kumbura kuɗin kangon bayan gari a ba ƙanwa. A kawo masu ƙima fiye da ɗaya, kuma kowace mace ta ji adadin da kunnenta ko ta turo wakilin da ita ta zaɓa.

Ga misali. Mutum ya bar dukiyar naira miliyan 30. Jana'iza da bashi sun ci miliyan 3, saura 27. Ya yi wa jikokinsa marayu wasiyyar miliyan 3, ba ta kai sulusi ba, an zartar, saura 24. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza 6, mata 5, da ƙane shaƙiƙi. Matan biyu suna da tumuni, ɗaya cikin takwas, miliyan 3 ke nan, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 4. Saura miliyan 17 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Ƙanen ba shi da komai, 'ya'ya maza sun tare shi. Lura cewa kai-kai ake raba wa 'ya'ya. Rabon ɗaki-ɗaki, inda mai ɗa ɗaya za ta tashi da daidai da mai 'ya'ya takwas, ba shi da tushe a shari'a.

Ba kowane lissafi ke fita sumul haka ba. Wanda ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, kasonsu in an haɗa ya zarce dukiyar, sai a yi abin da ake kira aulu, a kasa dukiyar kashi 27 maimakon kashi 24, kowa ya ɗan ragu. Shi ya sa ba a ɗaukar misali ɗaya a auna kowane gida da shi.

Gidan da ba ya rabuwa, ko wani magaji ya saye kason sauran, ko a sayar a raba kuɗin, ko a yi ƙuri'a in kadarorin sun yi daidai. Mace in ta ce ta bar wa yayyenta kasonta, a bari sai an ware mata shi ta san nawa ne, sannan in ta ga dama ta bayar. Yafewar da aka karɓa a tsakar gida, gwaggo na harara, kawu na gyaran murya, ba yafewa ba ce.

Kada a jinkirta

Koma kan misalin can. A ce an bar dukiyar ba a raba ba don "kada gida ya watse", bayan shekara biyu mahaifiyar ta rasu. Miliyan 4 ɗinta yanzu na magadanta ne, kuma ƙanen nan da bai da komai a da ya shigo a matsayin ɗanta. In ɗaya daga cikin 'ya'ya mata ta rasu, mijinta da 'ya'yanta sun shigo. Gado a cikin gado ke nan, malamai na ce masa munasaha. Haka gidajen cikin birni da yawa suka zama kango, magada sun kai sittin, babu mai iya gyarawa, babu mai iya sayarwa. In kuna son ci gaba da kasuwancin mahaifinku tare, ku fara rabawa a takarda kowa ya san kasonsa, sannan ku haɗa jari da yardar kowa, a rubuta wa zai juya da yadda za a raba riba.

Bayan rabo, kowa ya ɗauki takardar kotu ya je ofishin filaye a mai da kadararsa sunansa, gona kuma a kira dagaci da maƙwabta a kafa iyaka. Kason marayu ya shiga hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa. A buɗe musu asusu na daban, kada ya gauraya da kuɗin mai riƙo, kuma duk abin da aka kashe na makaranta ko asibiti a rubuta da rasit. Idan kuɗi ne masu yawa, gara a nemi izinin alƙali a saya musu fili ko gidan haya, don darajar naira na zaizayewa yaro na girma. Ranar da suka balaga aka ga hankalinsu ya kai, a miƙa musu dukiyarsu tare da littafin lissafin, a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni.